Wa Ke Zaɓar Abin Da Muke Kallo Bayan Isha'i?

Akwai wata magana da ke yawo a fadojin samarin Tawa, har ta shiga zaurukan dattawa, kuma ta kai ni maƙura. Da zarar an ce wane ya zama daraktan shirye-shirye a gidan talabijin, ko ɗiyar wane tana son ta karanci aikin, sai ka ji wani ya taɓe baki ya ce: "Mi a aikin in ba sa kaset ba? Ko yaro na iyawa." Kaset ɗin ma ya daɗe da mutuwa, amma maganar ta ƙi mutuwa. Ita ce ke sa uba ya hana ɗansa wannan karatu. Ita ce ke sa mai ƙaramar tasha ya miƙa kujerar ga ƙanen matarsa don ya rasa inda zai ajiye shi. Ita ce kuma ke sa mu zauna muna tsine wa 'yar wasan da muka gani a allo, alhali wanda ya sayi shirin, ya duba shi, ya sa shi daidai lokacin da yara ke zaune, ba mu ko san sunansa ba.

A taƙaice, daraktan shirye-shirye shi ne ke yanke abin da tasha za ta nuna in ban da labarai: wasan kwaikwayo, waƙa, gasa, shirin yara, shirin girki. Shi ke cewa a yi wannan, a sayo wancan, a tsayar da wane. A manyan tashoshi sashen nishaɗi kaɗai yana da shugabansa, a ƙanana kuwa mutum ɗaya ke ɗauke da komai.

To bari mu zo kan "ko yaro na iyawa". Abu na farko da ke kan teburin wannan mutum takarda ce mai layuka, kwana bakwai a sama, awoyi a gefe, kowane gida an raba shi minti talatin-talatin. Dole kowane gida ya cika, yau da gobe da jibi, babu ranar hutu. Kuma ba cikawa kawai ba. Sai ya san wa ke gaban allo a wannan lokacin. A Adar, bayan kaka, maza da yawa sun tafi bida Abijan ko Libiya ko Nijeriya, waɗanda suka rage a gida mata ne da yara da tsofaffi. Da damina mutane sun wuni a gona, ana idar da isha'i barci ke kwashe su. Da azumi komai sai ya juya: tafsiri, shirin buɗa-baki, sannan a jira a fito daga asham kafin a sa wasan dariya. Ga kuran da ke ɗaukewa ba sallama. In ka sa shirinka mafi tsada a lokacin da rabin gari ke cikin duhu, ka zuba kuɗin mutane a rijiya. Aikinsa ya yi kama da na uwargidan da ke auna hatsin rumbu ya kai ta wata kakar: ta san ranar tuwo, ta san ranar fura, ta san bakin da ba ya cin wane abu, kuma in hatsi ya ƙare a tsakiyar bazara ita za a tuhuma.

Sai maganar kuɗi, wadda masu taɓe baki ba su taɓa lissafawa ba. Wasan kwaikwayo mai dogon zango yawanci ana tsara shi mako 13, wato wata uku. Kafin a nuna kashi na farko an riga an biya marubuci, an ciyar da 'yan wasa, an yi hayar gida da mota, an sayi man janareto. Kuɗin nan ba ya dawowa sai ta hanyar talla, kuma a ƙasarmu masu ba da talla mai kauri ba su da yawa: kamfanonin waya, bankuna, masu aika kuɗi, da ƙungiyoyin agaji masu son a isar da saƙo. Darakta shi ke zuwa gabansu ya sayar musu da shirin da ba a riga an ɗauka ba. A gefe guda ga fim ɗin Indiya ko na Turkiyya da aka fassara, mai arha, wanda ya san mata za su kalla ko da wane lokaci ya sa shi. Kullum yana tsakanin abu biyun nan, mai arha na waje da mai tsada na gida. Rago sai ya zaɓi na farko har abada, kuma shi ne irin daraktan da ake samu in an ɗauka kowa na iyawa.

Dubi yadda waɗanda suka yi suna a aikin suka taso. Bob Iger, wanda ya zama shugaban kamfanin Disney a 2005, ya shiga tashar ABC ta Amurka a 1974 yana ƙananan ayyuka a ɗakin ɗaukar shiri. Sai da ya yi shekara 15 kafin a ba shi sashen nishaɗi a 1989. A nan ma ya sha ƙasa: a 1990 ya amince da wani shiri mai suna Cop Rock, inda 'yan sanda ke tsayawa a tsakiyar bincike su ɓarke da waƙa. Mu da muka saba da waƙa a fim ƙila da mun karɓe shi, amma Amurkawa suka juya masa baya, aka tsayar da shi bayan kashi 11. Brandon Tartikoff kuwa ya fara ne a ƙaramar tasha yana shirya tallan shirye-shirye, ya riƙe sashen nishaɗi na NBC a farkon shekarun 1980 yana ɗan shekara talatin da 'yan kai. A 1982 tasharsa ta fara wani wasan dariya mai suna Cheers, masu kallo suka ƙi zuwa, shirin ya faɗo can ƙasan jeri. Da wani ne da ya kashe shi. Shi ya ce a bar shi, ya ga abin da jama'a ba su riga sun gani ba. Shirin ya yi shekara 11 ana nuna shi, ya zama ɗaya daga cikin waɗanda suka fi kawo wa tashar kuɗi. Wane yaro ne zai iya wannan hangen?

Akwai kuma ranar da aikin ke neman zuciya. Channing Dungey ta fara ne a matsayin mataimakiya mai karanta rubutun fina-finai, ta hau har ta zama shugabar nishaɗi ta ABC a 2016, baƙar fata ta farko da ta riƙe irin wannan kujera a manyan tashoshin Amurka. A watan Mayun 2018 tauraruwar shirin Roseanne ta rubuta kalaman wariyar launin fata a intanet. Shirin yana cikin waɗanda aka fi kallo a ƙasar a lokacin, ga tallace-tallace na zuba. A ranar aka soke shi, kuma Dungey ce ta fitar da sanarwar. Ku auna wannan da daraktan da ba ya iya ce wa mai ba da tallan maganin ƙarfin maza a'a, ko da za a nuna shi ana cikin cin tuwon dare da yara.

Kada wani ya ce wannan labarin Turawa ne. Peter Igho ya fara shirya wasan kwaikwayo a tashar talabijin ta Sakkwato, nan maƙwabtanmu, a shekarun 1970. Shi ya shirya Cock Crow at Dawn a 1980, wasan da aka ɗauka a yankin Jos don jawo hankalin mutane ga noma, daga baya ya zama babban daraktan shirye-shirye na NTA gaba ɗaya. Biola Alabi tana jagorantar kamfanin M-Net a Afirka lokacin da aka buɗe Africa Magic Hausa a 2010. Arewa24 da aka buɗe a Kano a 2014, wadda yau ake kallo a Tawa da Kaita da Buza kamar ta gida, ba da sa'a ta shiga zukatan mutane ba. Wasu ne suka zauna suka yanke cewa Bahaushe zai bi labari mako-mako in an rubuta shi da kyau, suka zuba kuɗi a Daɗin Kowa, suka biyo da Kwana Casa'in a 2019. Kowa ya san sunayen 'yan wasan. Masu yanke shawarar fa?

Mu ma nan Nijar muna da tarihinmu, sai dai ba mu riƙe shi ba. Talabijin ta shigo ƙasar nan a 1964 ta ƙofar lakwal, don koyar da yara, kafin a kafa hukumar rediyo da talabijin ta ORTN a 1967, Télé Sahel kuma ta fara aiki a ƙarshen shekarun 1970. Wasannin su Yazi Dogo na Damagaram da iyayenmu ke ba da labarinsu har yau, ai wani ne ya ba su fili a jadawali, ya tura musu na'ura. Mariama Keïta, mace ta farko 'yar jarida a Nijar, ta fara da rubuta labarai da karanta su, ta kai ga shugabancin Muryar Sahel, sannan ta jagoranci hukumar kula da kafofin watsa labarai daga 2003 zuwa 2006. Kokowar takobi kuwa, wadda aka fara a nan Tawa a 1975, Kantu na Maraɗi ya ɗauka, yau 'yan kokowa 80 daga jihohi 8 ke shiga fili, ƙasa duka ta tsaya cik tana kallo kai tsaye. Wa ke rarraba na'urori a fili, ya tanadi masu sharhi da Hausa da Zabarmanci da Faransanci, ya san inda zai cusa talla ba tare da ya yanke kaye ba? Kuskuren minti ɗaya a wannan wuri, gobe kowace fada a ƙasar nan da shi za ta karya kumallo.

Gaskiya ne akwai wasu matsalolin, ƙarancin kuɗi da siyasa da satar fasaha da wayar da ta janye samari daga allo, amma ba su ne damuwata yau ba.

Damuwata ita ce Adar na da kayan nishaɗi jibge, ba ta da masu kai shi allo. Muna da gasar Ɗan Gurmu da ake yi tun shekarun 1980 da sunan mawaƙinmu. Muna da labarin bida, wanda babu gidan da bai taɓa ba: amaryar da aka bari da wata biyu, ɗan da ya san muryar ubansa a waya bai san fuskarsa ba, wanda ya dawo da mota da wanda ya dawo da kunya. Wannan kaɗai ya isa wasan shekara biyar. Amma ba za a yi shi ba sai ranar da ɗan Adar ko ɗiyar Adar ta zauna a kujerar da ake yanke shawara.

Saboda haka, kai saurayi, ke budurwa, in wannan aiki ya ba ku sha'awa, ku cire son a ga fuskarku tukuna. Ku nemi gidan rediyo mafi kusa da ku, ko na ƙauye ne, ku roƙi a bar ku ku yi aikin sa kai. A can za ku koyi abin da ba a koyarwa a aji, wato darajar minti ɗaya, da yadda ake cike rami in baƙo bai zo ba. Ku riƙe littafi ku riƙa rubuta abin da gidanku ke kallo: ƙarfe nawa inna ke zama, wane lokaci yara ke canza tasha, a ina ake dariya, a ina ake tashi a tafi wanke kwano. Wannan shi ne binciken masu kallo, manyan kamfanoni kuɗi suke biya a yi musu shi. Ku karanta labari, ku rubuta labari, ku ba wani ya kushe, don wanda bai san rubutu mai kyau ba ba zai iya zaɓar sa a cikin tari ba. Ku koyi lissafin kuɗi da karatun yarjejeniya, ku san mene ne haƙƙin mawallafi da abin da hukumar BNDA mai kare shi ke yi, don kada wata rana ku nuna fim ɗin wani ba izini ku ja wa tasha shari'a. Ku gyara Faransancinku, ku ƙara da Ingilishi saboda kasuwar Kano da Legas, amma kada ku sake Hausarku ta lalace, ita ce jarinku. In kun sami bak, ga makarantar da a da ake kira IFTIC a Yamai, wadda ta daɗe tana horar da ma'aikatan rediyo da talabijin, ga kuma karatun gudanarwa a jami'armu ta Tawa. Kuma ku shirya haƙuri. Za ku ɗauki waya, za ku ɗauki fitila, za ku kawo wa baƙo ruwa, shekara da shekaru. Duk wanda ya ce muku akwai gajeriyar hanya, ku tambaye shi wane shiri ya taɓa kai wa mako 13 ba tare da ya tsaya ba.

Iyaye, ku daina haɗa wannan aiki da shashanci. In kuna kukan abin da ake nuna wa 'ya'yanku, to ku ne ya kamata ku fi kowa son ɗan da kuka yi wa tarbiyya ya riƙe jadawalin. Hana 'ya'yan kirki shiga ba ya rufe tashar, wani ne kawai zai zauna a wurinsu. 'Yan kasuwarmu na Abijan da Lome da Kwatano, da kuke gina masallatai da rijiyoyi, Allah ya saka, ku ware wani abu ku ɗauki nauyin shiri ɗaya da bakin Adar, ku sa a rubuta yarjejeniya. Masu tashoshi, ku nemi wanda ya san aikin, ku biya shi, ku kuma bar shi ya ce muku a'a.

Kai kuma mai kallo, ranar da ka ga abin da bai dace ba, ko ka ga abin da ya burge ka, bar 'yar wasa ta huta. Jira ƙarshen shirin ka karanta sunayen da ke wucewa, ka nemi na daraktan shirye-shirye, ka rubuta masa takarda da sunanka da ranar da lokacin da aka nuna abin. Wannan takarda kan teburinsa take sauka, zagin fada kuwa ba ya fita unguwa.