Zari-ruga da Giya: Yadda Filin Wasa Ya Zama Mashaya

Watanni kaɗan kafin a fara gasar Kofin Duniya ta ƙwallon zari-ruga a Japan a watan Satumban 2019, jami'an kwamitin shirya gasar sun yi ta zagaya biranen da za su karɓi baƙi suna tara masu otal da gidajen abinci da mashaya. Saƙon da suka kai ɗaya ne: kada a kuskura giya ta yanke. Sun zo da alƙaluman gasar da aka yi a Ingila a 2015, inda aka shanye lita miliyan 1.9 a filayen wasa da dandalin 'yan kallo. Suka kuma ce idan aka kwatanta da wasan ƙwallon ƙafa a filaye iri ɗaya, abin da masu kallon zari-ruga ke sha ya ninka kusan sau shida. A birane irin su Oita, an shawarci masu mashaya su riƙa buɗewa tun da rana, su kuma tanadi kaya fiye da yadda suka saba.

Japanawa ba su ɗauki zancen da wasa ba. Kamfanin Kirin, wanda ke sarrafa Heineken a ƙasar bisa lasisi, ya ƙara yawan abin da yake fitarwa. Aka kawo masu tallan nan da aka sani a filayen besbol na ƙasar, kowacce goye da 'yar ganga a baya da tiyo a hannu, tana hawa tana sauka tsakanin kujeru tana cika kofuna. Da gasar ta fara, abinci ne ya ƙare a rumfunan filin wasa, har masu shirya gasar suka janye dokar da ta hana shiga da abinci daga waje.

Wannan ninki shida ba ƙishirwa kaɗai ta kawo shi ba. Doka ce kan gaba. A 1985, shekarar da mutum 39 suka mutu a filin Heysel na Brussels kafin wasan Liverpool da Juventus, gwamnatin Margaret Thatcher ta kafa dokar da ta hana shan barasa a inda ake hango fili a manyan wasannin ƙwallon ƙafa na Ingila da Wales. Dokar ba ta shafi zari-ruga ba. Saboda haka a fili ɗaya, a kujera ɗaya, mutum na iya zama ranar Asabar da kofinsa a hannu yana kallon zari-ruga, washegari ya dawo kallon ƙwallon ƙafa a ce masa ya shanye a bayan fage ko ya zubar. A Scotland an fi tsanantawa: bayan tarzomar da ta ɓarke a wasan ƙarshe tsakanin Celtic da Rangers a 1980 aka hana barasa a manyan filaye, har da Murrayfield na Edinburgh, gidan zari-rugan ƙasar. A 2007 aka ɗage wa Murrayfield takunkumin, aka bar 'yan ƙwallon ƙafa da nasu.

Hujjar da ake bayarwa ita ce masu kallon zari-ruga ba sa faɗa. Akwai gaskiya a ciki. A Twickenham na Landan, filin da ke ɗaukar mutum 82,000, ba a raba magoya bayan ɓangarorin biyu da shinge ko layin 'yan sanda. Bafaranshe da Ba'ingile kan zauna kafaɗa da kafaɗa, suna tsokanar juna, wani ma ya saya wa wani. Sai dai masu kallon ƙwallon ƙafa sun daɗe suna cewa akwai wariyar aji a lamarin, domin a Ingila zari-ruga wasan 'ya'yan masu hali ne da makarantun kuɗi, ƙwallon ƙafa kuwa na leburori. Da wuya a ce ƙorafin nasu ba shi da tushe.

Al'ada ma ta taka rawa. Har zuwa 1995 ba a yarda a biya ɗan wasan zari-ruga albashi ba, kuma ƙananan kulob-kulob da yawa da cinikin mashayarsu suke biyan kuɗin wuta da gyaran fili. Bayan an tashi wasa, ƙungiyar gida kan karɓi baƙinta a ci a sha tare, waɗanda suka gama kayar da juna a laka su zauna teburi ɗaya. Faransawa na kiran wannan zama rabin lokaci na uku. Wani lokacin abin kan wuce gona da iri. A 1988, bayan wasan Scotland da Ingila a Edinburgh, ɗan wasan Scotland John Jeffrey da na Ingila Dean Richards suka fita da Kofin Calcutta titi cikin dare, kofin azurfa da aka ƙera da narkakkun kuɗin rupi na Indiya tun ƙarni na 19, suka dawo da shi a lanƙwashe. An dakatar da Jeffrey wata shida, Richards kuma wasa ɗaya.

Inda doka ta buɗe ƙofa, al'ada ta share hanya, kuɗi ba ya jiran gayyata. Heineken ce giyar Kofin Duniya a 2015 da 2019, Asahi ta Japan ta karɓa a 2023. Tun 2019 gasar ƙasashe shida ta Turai, wadda ta haɗa Ingila, Faransa, Ireland, Italiya, Scotland da Wales, sunan Guinness take ɗauke da shi. Faransa ce ke ba kamfanonin ciwon kai, saboda dokar 1991 da ake kira da sunan ministan lafiya Claude Évin ta hana tallan barasa ta hanyar wasanni. Sai aka koma dabara. Gasar kulob-kulob ta Turai da a da ake kira Heineken Cup ta zama H Cup a Faransa. Da Wales ta je Paris a 2005, kamfanin giyar Brains da ke gaban rigarta ya sauya rubutun zuwa Brawn, da irin salon haruffan da kowa ya sani. Guinness kan rubuta Greatness a tsakiyar fili. Babu ɗan kallon da bai gane abin da ake nufi ba, babu kuma wanda ya karya doka a takarda.

Dokar ta kuma hana sayar da barasa a filayen wasa, amma ta bar kafar da hukumomi ke ba da izini na musamman. Ta wannan kafa aka sayar da giya a gasar 2023, har a kwanakin farko, cikin tsananin zafi, 'yan kallo a Marseille suka yi ta ƙorafin dogon layi da ƙarewar kaya. Shekara guda bayan haka, a gasar Olamfik ta Paris, talakan ɗan kallo bai samu ko ɗigo ba. Manyan baƙi ne kawai aka zuba wa a ɗakunansu.

A gasar zari-ruga ta 'yan bakwai-bakwai ta Hong Kong kuwa, wadda aka fara a 1976, akwai ɓangaren kujerun kudu da ba a barin ɗan ƙasa da shekara 18 ya shiga, inda ake zuwa da shigar ban dariya ana sha daga tulun roba tun safe. Birnin Wellington na New Zealand ya yi irin wannan suna, da aka tsaurara dokar sha kuwa, tare da wasu dalilai, sai kujeru suka fara zama fayau. A 2018 gasar ta Wellington ta koma Hamilton.

Amma Cardiff ce ta fi nuna inda gizo ke saƙar. Filin Principality yana tsakiyar gari, mashaya sun kewaye shi ta ko'ina, kuma yana ɗaukar mutum kusan 74,000. Wanda ya biya kuɗi mai tsoka don kallon minti 80 yakan tarar rabin lokacin a tsaye yake yana ba da hanya: wannan ya wuce da kofuna huɗu a cikin kwali yana ɗigar wa mutane a ƙafa, ya zauna minti goma, ya sake tashi neman banɗaki, layin gaba ɗaya ya miƙe. Masu suka suka laƙaba wa filin mashaya mafi girma a duniya. A 2018 hukumar zari-ruga ta Wales ta ware kujeru sama da 4,000 da ba a shiga da barasa. Bai wadatar ba. A watan Nuwamban 2021, ana tsakiyar wasa da Afirka ta Kudu, wani ɗan kallo ya faɗo fili daidai lokacin da Wales ke kai hari ta gefen ɗan wasanta Liam Williams. A wasan Ostareliya kuma wani bugagge ya kelaya wa yaro ɗan shekara shida amai. Da gasar ƙasashe shida ta 2022 ta zo, hukumar ta rage ƙarfin giyar da ake sayarwa, ta kuma rufe rumfuna da zarar an dawo daga hutun rabin lokaci.

Matakan ba su wuce haka ba, dalilin kuma a bayyane yake. Hukumar da ke wa'azin a sha a hankali ita ce mai rumfunan, kuma da ribar ranar wasa take ɗaukar nauyin ƙananan kulob-kulob da albashin 'yan wasa. Kura ce aka ba ajiyar nama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce barasa ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a 2019, shekarar da ake fargabar kada ta yanke a Japan.

A cikin 'yan wasan kansu akwai masu ja da baya. Siya Kolisi, kyaftin ɗin da ya ɗaga wa Afirka ta Kudu Kofin Duniya a 2019 da 2023, ya bayyana a littafin tarihin rayuwarsa yadda shaye-shaye ya kusa lalata masa gida da sana'a. Sonny Bill Williams na New Zealand, wanda ya Musulunta kuma ya ci kofin a 2011 da 2015, ya fito wasa a 2017 da filasta manne a kan tambarin wani banki a wuyan rigarsa saboda batun riba. Hukumar zari-ruga ta ƙasarsa ta amince masa, bisa wani sharaɗi da ke cikin kwantiraginsa, cewa ba za a tilasta masa tallan banki ko caca ko barasa ba.