Turamen haƙori masu ban al'ajabi

A Jidda, inda alhazanmu ke sauka kafin wasu su dawo da haƙorin Makka, likitoci biyu na Jami'ar Sarki Abdul'aziz sun duba hotunan bakin mutum 878, suka fitar da sakamako a 2012. Mutum 396, kusan rabi ke nan, akwai abin da ya saɓa a haƙoransu. Yawanci ko dai ba a halicci wani haƙorin ba tun asali, ko kuwa ya maƙale a ƙashi ya ƙi fitowa.

Mutum ɗaya tak a cikinsu yake da turmi irin na shanu. Ka leƙa bakin ba za ka ga komai ba, sai hoto ya tona: gangar haƙorin ta yi tsawo, kogon jijiya ya zarce ƙasa, saiwoyin kuwa 'yan dugul-dugul. Bature Arthur Keith ne ya kwatanta shi da na shanu a 1913, bayan an gan shi a ƙasusuwan mutanen dā da aka tono a Krapina ta ƙasar Kuroshiya. Abin ɗaure kai, wani bincike na 1987 a Saudiyyar nan ya same shi a kashi 11 cikin ɗari. Daga ɗaya cikin 878 zuwa wannan ai tazarar ta yi yawa, amma da ma likitoci ba su da ma'auni ɗaya na inda tsawon kogon ya wuce ƙima. Likita mai wanke jijiyar haƙori shi ke shan wahalarsa, don ƙofofin saiwar sun nutse can ƙasa.

Taɓa turmin farko na sama da harshenka, ta ɓangaren ganda. In ka ji ɗan tozo, shi ne wanda Georg Carabelli, likitan haƙori a birnin Biyana, ya bayyana a 1842. Ba cuta ba ce, gado ne.

Turmin ƙasa saiwa biyu gare shi, amma a mutanen gabashin Asiya an saba ganin ta uku. Likitan da ya cire ba hoto, yana iya barin guntunta a ciki. Wani turmin kuma ɗan tsakiya ne fari sal yake fito masa a tsakanin saiwoyi, datti ya taru a nan, dasashi ya yi ta kumbura.

Akwai wanda ba gado ba: yaron da ya ɗauki tunjere tun a ciki, turminsa na farko kan fito da kai curi-curi.

Shi wannan turmin na farko, yana fitowa ne wajen shekara 6, a bayan haƙoran nono, ba tare da wani ya faɗi ba. Iyaye da yawa sai su ƙyale shi tsutsa ta ci, wai ai za a yi famfara. Ina! In ya tafi, ba wani a ƙasansa.