Kubik fit: Lissafin da zai hana a yi maka rufa-ido a kan tifar yashi da tankin ruwa

Duk lokacin da jami'ai suka yi maganar iskar gas, sai a ji suna ambaton kubik fit: Najeriya na da sama da tiriliyan 200 a ƙarƙashin ƙasa, bututun Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano kuma, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, an tsara zai riƙa ɗaukar kimanin biliyan biyu a kullum. Alƙaluman na da girma, amma ma'aunin ba gagara-badau ba ne. Shi ake amfani da shi wajen auna ɗaki, tanki ko bayan tifa, kuma wanda ya iya shi zai iya tantance abin da ɗan kwangila ya kawo.

Kubik fit ɗaya shi ne cikin akwatin da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa kowanne ƙafa ɗaya ne, wato inci 12. Yana cin ruwa kimanin lita 28.3, ɗan sama da jarka mai lita 25.

Ƙa'idar guda ce: a ninka tsawo da faɗi, sannan a ninka abin da aka samu da zurfi ko tsayi. Ɗaki mai ƙafa 12 tsawo, 12 faɗi, 10 tsayi yana da kubik fit 1,440. Inda mutane kan yi tuntuɓe shi ne wajen inci. Sai an raba shi da 12 kafin ya shiga lissafi, domin inci shida rabin ƙafa ne, wato 0.5, ba 0.6 ba.

Mu ɗauki tifar da bayanta ke da ƙafa 14 tsawo, 7 faɗi, 3 zurfi. Idan ta cika, kubik fit 294 ke nan. Idan yashin ya gaza baki da inci shida kacal, an zaftare 49, wato kashi ɗaya cikin shida. A kowane sawu shida, an biya kuɗin sawu guda da bai taɓa zuwa ba.

Haka batun tankin rijiyar burtsatse. A ce takardar aikin mazaɓa ta nuna lita 10,000, alhali tankin da aka girka mai kusurwa huɗu ne, ƙafa 8 da 8, zurfi 4. Kubik fit 256 ke nan. A ninka da 28.3, a samu kimanin lita 7,250. Fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan da aka yi wa unguwa alkawari ya salwanta tun kafin a kunna famfo.

Takardun kwangila da dama suna amfani da kubik mita, wanda ɗaya ya kai kubik fit 35.3, ko lita 1,000. Don haka a fara duba ma'aunin da aka rubuta, sannan a ɗauko tef a gwada. Ƙorafin da ya zo da awo ya fi wuyar musantawa.