Ƙa'idojin Shiga Tafkunan Kamfanonin Wuta da Ruwa a Amurka

Da yawa daga cikin manyan tafkunan da Amurkawa ke zuwa kamun kifi da iyo da yawon kwalekwale suna hannun kamfanonin wutar lantarki ne ko hukumomin ruwan sha na birane. An datse kogunan domin juya injinan wuta ko tara ruwan famfo, sai ruwan da ya kwanta a bayan madatsar ya zama wurin shaƙatawa. Tafkin Norman da ke jihar Karolina ta Arewa irinsu ne: kamfanin Duke ya tare kogin Catawba da madatsar Cowans Ford, wadda aka kammala a 1963, kuma duk jihar babu tafkin madatsa da ya kai shi girma.

Tun daga dokar tarayya ta 1920, kamfani ba ya datse babban kogi don samar da wuta sai da lasisi. A yau hukumar makamashi ta tarayya, FERC, ke bayar da shi, na tsawon shekara 30 zuwa 50. Cikin sharuɗɗansa akwai barin jama'a su shiga ruwan da filayen gefensa gwargwadon hali, sai inda akwai haɗari. Gyaran da aka yi wa dokar a 1986 ya ƙara wajabta wa hukumar ta ba shaƙatawa da kifi da namun daji muhimmanci daidai da samar da wuta idan tana duba lasisi. Hujjar a fili take, kuma adalci ce: kogi na kowa ne, wanda aka ba damar cin ribarsa bai kamata ya rufe shi ga sauran mutane ba. Shi ya sa kamfanonin ke gina wuraren saukar da jiragen ruwa da dandamalin kamun kifi, kuma an yarda su karɓi kuɗi madaidaici a wuraren da suka kashe kuɗin gyarawa.

Hani mafi tsanani yana kusa da jikin madatsa. Ana jera alamomi masu yawo a kan ruwa don nuna iyakar da jirgi ba zai wuce ba. A ƙasan madatsar kuma, da zarar an kunna injuna ko an buɗe ƙofofi, ruwa kan taso cikin 'yan mintuna ya rutsa da mai kamun kifi da ke tsaye a kan duwatsu, don haka ake busa jiniya kafin a sake shi. Masu gidaje a bakin tafki su ma ba su da ikon yin yadda suka ga dama. Gina matsayar jirgi, yashe ƙasan ruwa ko sare itatuwan gaɓa duk sai da izinin kamfanin, domin saiwoyin itatuwan su ke hana ƙasa zaizayewa ta cike tafkin.

Tafkunan ruwan sha sun fi haka tsauri nesa ba kusa ba. Birnin New York yana samun kusan kashi 90 cikin 100 na ruwansa daga yankunan Catskill da Delaware, kuma hukumomi sun amince ya raba ruwan ba tare da tacewa ba muddin ya kiyaye tsabtar tushensa. Saboda haka an hana iyo, an hana jama'a sa jirgi mai inji. Mai son kamun kifi zai karɓi takardar izini, wadda kyauta ce, kuma kwalekwalensa sai an wanke shi da tururi mai zafi, an yi masa rajista, ya zauna a tafki guda. Dalilin wankin wata 'yar halittar ruwa ce mai ɓawo mai zane irin na jakin dawa, wadda ta shigo manyan tafkunan arewacin ƙasar ta jiragen ruwa a ƙarshen shekarun 1980. Tana manne wa jikin jirgi, idan ta samu shiga kuwa sai ta hayayyafa ta toshe bututun ɗibar ruwa.

Tafkin Quabbin mai shayar da birnin Boston yana da tarihi mai nauyi, domin a 1938 aka tashi garuruwa huɗu, Dana da Enfield da Greenwich da Prescott, don ruwan ya samu mazauni. A nan ma babu iyo, babu shiga da kare, babu hura wuta. An bar mutane su yi tattaki a hanyoyin dajin, an kuma keɓe wani ɓangare na tafkin ga jiragen masu kamun kifi, bisa sharaɗin injin ya zama ƙarami, jirgin kuma an wanke shi an sa masa hatimi.