Gane Shirin Ƙaura a Jikin 'Ya'yan Kifi Ba Tare da Cutar da Su Ba

Gabatarwa

Masunta sun daɗe da sanin cewa kifi na bin ruwa idan damina ta sauka. Wannan maƙala ta dubi yadda ake gane cewa ɗan kifi ya isa barin inda aka ƙyanƙyashe shi, ba tare da an yanka shi ba.

Misalin Kifin Salmon

Ana ƙyanƙyashe salmon a kogunan Turai da Arewacin Amurka, sa'annan ya gangara teku bayan shekara 1 zuwa 3 galibi. Kafin tafiyar, tabban gefen jikinsa su dushe, ya koma launin azurfa, ya ƙara sirancewa. A gaɓar numfashinsa, wadda ke ƙarƙashin marfin gefen kai, wani sinadari mai fitar da gishiri daga jiki yakan ƙaru. Idan aka zuba shi a ruwan gishiri kafin hakan, ruwan jikinsa yakan tsotse, ya tsumbure ko ya mutu.

A da, sai an kashe kifin kafin a auna sinadarin. A shekarar 1993, Stephen McCormick ya wallafa wata hanya: a sa wa kifin maganin barci, a tsinki 'yan zarurruka kaɗan daga gaɓar numfashin, a mayar da shi ruwa. Haka ya ba da damar a auna kifi ɗaya sau da yawa.

Misalin Tarwaɗa a Kano

Tarwaɗa ba ta shiga teku, amma mai kiwonta a Ƙauyen Alu da ke Tarauni yana fuskantar tambaya makamanciya duk lokacin da zai sayo 'ya'yanta daga wurin ƙyanƙyasa. Gaɓar da tarwaɗa ke shaƙar iskar sarari da ita ba ta ƙosawa sai bayan makonni, saboda haka ƙananan ba sa jure doguwar tafiya a jarka. Gogaggen mai kiwo yakan duba kuzarin iyo, da jan launin gaɓar numfashi, da lafiyar gashin baki. Yakan kuma tabbatar girmansu ya zo ɗaya, domin babbar tarwaɗa na cinye ƙarama. Akan hana su abinci na kwana 1, a ɗauke su da sanyin safiya.

Kammalawa

A misalan biyu, jikin kifin ne ke faɗin lokacin tafiyarsa, ba kwanan wata ba. Ya kamata masu nazarin Hausa su tattara kalmomin da masunta ke bayyana waɗannan alamu da su, tun masu su na raye.