Yunwa Ba Maganin Ƙiba Ba Ce

Ƴan makarantar yaƙi da jahilci, maza da mata, barkanku da ƙoƙari. Hirarmu ta yau daga Icirnawa take, cikin ƙasar Matameye, kuma a kan abinci ne.

Mu mutanen Damagaram mun san yunwa. Wanda ya ga shekarar 2005 ba sai an ba shi labari ba. Amma akwai wata yunwa wadda mutum ke ɗora wa kansa, alhali da hatsi cikin rumbu. An yi masa gorin ƙiba, ko likita ya ce jininsa ya hau. Sai ya tsorata. Ya bar karin kumallo, ya bar tuwon dare, ya sayi shayin rage ƙiba a kasuwa. Mako biyu ko uku, ya ɗan rame. Daga nan yunwa ta ci ƙarfinsa, ya auka wa abinci, ya ci fiye da na da. Kunya ta kama shi, ya sake farawa. Wasu shekara da shekaru haka suke yi.

Me ke kawo wannan? Jiki kamar maigida ne mai rumbu. In ya ga hatsi ya yi ƙasa, sai ya rage awo. In kaka ta yi, sai ya ƙara ɓoyo don tsoron baɗi. Haka jiki yake. In an hana shi abinci, yana rage abin da yake ƙonawa, yana cin tsokarsa tare da kitse. In abinci ya komo, kitse ne yake fara tarawa.

An gwada wannan a jami'ar Minesota ta Amurka daga 1944 zuwa 1945. Wani malami, Ancel Keys, ya samu maza 36 da suka yarda. Wata 6 ana ba su kusan rabin abin da suka saba ci. Suka zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Ƙarfi ya tafi, sanyi ya dame su, ba su da zance sai na abinci. Da aka bar su su ci yadda suke so, da yawa suka riƙa ci ba ƙoshi. Ashe ba rashin haƙuri ba ne. Halin jiki ne.

To, ina mafita?

1. Ku ci a kan lokaci, safe, rana da dare. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

2. Ku ci sannu, ku tashi kafin ciki ya cika. Malamanmu sun koya mana raba ciki uku: abinci, ruwa da numfashi.

3. Ku haɗa iri-iri. Tuwo da fura ba abokan gaba ba ne. A ƙara musu wake, nono, zogale, rama, kabeji da tumatir na lambunanmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ganye da ƴaƴan itace su kai giram 400 a yini.

4. Ku rage, kada ku yanke. Gishiri kada ya kai giram 5 a yini, wato ƙaramin cokali guda, har da wanda ke cikin dunƙulen miya. A rage sukarin shayi da man suya.

5. Ku motsa jiki. Tafiyar ƙasa ta rabin awa, kwana 5 a mako, tana da amfani ƙwarai.

Mai ciwon sukari da ke shan magani, in ya ƙi cin abinci, yana iya suma. Mai ciki kada ta rage ci don jariri ya zo ƙarami. Ƙwayoyin sa ƙiba kuma, wasunsu suna tada hawan jini da sukari. Kafin kowane sauyi, a je likita a yi awo.

Ga tambayoyin da za ku tattauna da malaminku:

Me jiki yake yi in an hana shi abinci?

Wane ganye ake samu a garinku da rani?

Cokali nawa na sukari kuke zubawa a shayi?

Kowa ya rubuta amsa cikin littafinsa. Allah ya ba mu lafiya. Sai mako mai zuwa.