Kasuwar hasashe: Hisbah na rufe shagon caca, to wa zai rufe wanda ke cikin waya?

A watan Oktoban 2024 Hukumar Hisbah ta Kano ta rufe shagunan cacar ƙwallo kusan 30. Wata guda bayan haka Kotun Ƙoli ta soke Dokar Caca ta Ƙasa ta 2005, ta ce kowace jiha ita ke da hurumin tsara harkar caca a cikinta. A Kano, inda shari'ar Musulunci ta haramta caca, hukuncin ya ƙara wa Hisbah ƙarfin gwiwa. Sai dai shago yana da ƙofar da za a garƙame. Matashin da ke Zakirai, hedikwatar ƙaramar hukumar Gabasawa, waya da data sun ishe shi, kuma sabon abin da ke tashe a intanet ba ya ma kiran kansa caca. Sunansa kasuwar hasashe.

A dandali irin Polymarket ko Kalshi, tambaya ake kafawa mai amsar i ko a'a: shin wane zai ci zaɓe? Mutum ya sayi hannun jarin "i" a kan santi 30, misali. In abin ya tabbata a biya shi dala ɗaya, in bai tabbata ba kuɗinsa sun tafi. Masu dandalin na cewa farashin yana nuna ra'ayin jama'a, wato santi 30 na nufin yiwuwar kashi 30 cikin ɗari, don haka kasuwa ce ta bayanai. Ga wanda ya zuba kuɗin takin damina ya wayi gari babu ko sisi, bambancinta da caca a suna ne kawai.

Babbar ɓarakar ita ce wanda ya riga kowa sanin amsa. A Janairun 2026 wani sabon asusu a Polymarket ya ci kimanin dala 400,000 bayan ya zuba kuɗi a kan faɗuwar Nicolás Maduro na Venezuela, jim kaɗan kafin sojojin Amurka su kama shi. Ribar irin wannan daga aljihun sauran masu zubi take fitowa, waɗanda ba su da kowa a ɗakin da ake yanke shawara. Da yake da kuɗin kirifto ake mu'amala a dandalin, abin da jama'a ke gani lambar asusu ce, ba suna ba.

Ita kanta Amurka ba ta tsaya kan magana ɗaya ba. A 2022 hukumar CFTC ta ci tarar Polymarket dala miliyan 1.4, kamfanin ya daina karɓar Amurkawa. A 2024 kuma Kalshi ya kayar da hukumar a kotu, ya samu damar buɗe zubi a kan zaɓe.

Tara ba ta cika girgiza irin waɗannan kamfanoni ba, cikin kuɗin gudanarwa suke lissafa ta. Shi ya sa ake ta kiran a riƙa tuhumar shugabanninsu da kansu. An ga misali a harkar kirifto: a 2023 Binance ya amince ya biya dala biliyan 4.3 a Amurka, shugabansa Changpeng Zhao ya amsa laifin rashin toshe hanyar halasta kuɗin haram, ya sauka, a 2024 kuma aka yanke masa wata huɗu a kurkuku. (Daga baya Shugaba Trump ya yi masa afuwa.)

Najeriya ta gwada nata salon. A Fabrairun 2024 aka tsare jami'an Binance biyu da suka zo Abuja tattaunawa. Nadeem Anjarwalla ya tsere, Tigran Gambaryan kuma ya shafe kusan wata takwas a tsare, galibi a gidan yarin Kuje, kafin a janye tuhumar a Oktoba saboda rashin lafiya. A lokacin Gambaryan shugaban sashen yaƙi da laifukan kuɗi ne, ba mai kamfanin ba. Kama wanda hannu ya kai gare shi daban, hukunta wanda ya yanke shawara daban. Kafin na biyun ya yiwu sai doka ta tilasta wa dandali yin rajista a ƙasar, da wakili mai suna da adireshi, da tantance masu asusu, da bayyana abin da za a yi wa shugaban da ya ga maguɗi ya kau da kai.

Dokar Zuba Jari ta 2025 ta sa kadarorin kirifto ƙarƙashin hukumar SEC, ta kuma tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 10 ga masu damfarar Ponzi. Amma kasuwar hasashe ta faɗa tsakani: in caca ce, ta jiha ce, kuma Kano ta haramta, in jari ce, ta SEC ce. Mai waya a Zakirai da aka rufe wa asusu, ko aka yanke sakamakon da bai gamsu da shi ba, ba zai kai ƙara Hisbah ba, don shi za a fara tuhuma. Kamfanin kuwa yana New York.